Kafin ki watsa hoton mara lafiya don neman mai ba da ɓargo

Lokacin da likitoci a Faransa suka ce ɗiyar yayana na buƙatar dashen ɓargo, ina nan Damagaram, waya ce kawai a hannuna. Na yi kuskure, shi ya sa nake rubuta wannan.

Fara da izini. Ni ban nema ba. Na ɗauki hotonta a gadon asibiti, kai ba gashi, na zuba a zaurukan WhatsApp. Kafin la'asar ya zagaye Birni da Zango. Da ta gani, cewa ta yi: "Gwaggo, ko kallabi ba ki bari na ɗaura ba?" Shekarunta 14. Izinin iyaye bai isa ba idan yarinya ta yi wayo. Ita za ta zaɓi hoton, ita za ta ce a faɗi sunan ciwon ko a bari. Kin dai san bakin mutanenmu, ranar da aka zo neman aure sai a tono.

Sai ki faɗi gaskiyar da ke rage masu zuwa: wanda ya shiga rajistar masu ba da ɓargo ba don ɗiyarki kaɗai ya yi ba. Ko ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar ɓargonsa ya dace da na mara lafiya ɗaya cikin 4 ce, balle bare. Wataƙila bayan shekaru a kira shi don wani da bai taɓa gani ba. Idan zai noƙe a ranar, gara kada ya shiga. A Ingila, Shirley Nolan ta kafa rajista a 1974 saboda ɗanta Anthony. Ya rasu a 1979 ba a samu wanda ya dace da shi ba, wasu ne suka amfana.

Ki san wa kike kira. A Faransa 'yan shekara 18 zuwa 35 ake yi wa rajista, kyauta ake bayarwa, kuma ba a bayyana sunan mai bayarwa. Don haka 'yan'uwanmu mazauna can na riƙa bi, tunda dacewa na bin asali, kuma baƙar fata sun yi ƙaranci a rajistar.

Ki bayyana cewa ɓargon ƙashi ne, ba lakar baya ba, galibi ma ta jini ake ɗiba.

Kada ki kunyata wanda ya ƙi. Kuma ki rubuta ƙarara a jikin hoton cewa ba kuɗi ake nema ba. Namu hoton, wani ya liƙa masa lambar wayarsa ya yi ta karɓar sadaka.