Yadda Na Gyara Motar da Ke Yin Ƙas-ƙas Ba Ta Tashi

In an murɗa makulli sai a ji ƙas-ƙas, fitilun dashbod su dushe. Batirin lafiya lau yake, farin gari ne ya taru a kawunansa ya hana wuta isa ga sitata, na'urar da ke tayar da injin.

Da sifana mai lamba 10 na fara kwance kan da ke da alamar (-), sannan mai (+). Kada a juya wannan tsari: in aka fara da (+) kuma sifana ta taɓa bodin mota, tartsatsi zai tashi. Na dama cokali 1 na bekin soda a kofin ruwa, na zuba kaɗan-kaɗan har kumfa ya lafa, ban bari ya shiga cikin batirin ba, domin yana kashe ƙarfin ruwansa. Na goge da buroshin waya, har cikin zoben da ke kama kan batirin, inda aka fi mantawa. Garin yana cin fata, a sa safar hannu.

Da ya bushe na mayar da (+) tukuna, sannan (-), na ɗaure tamau, na shafa basilin. Mitar auna wuta ta nuna volt 12.6 a kashe, 14 da injin yana aiki. Da ta tsaya ƙasa da 13, altaneta, na'urar da ke cajin batirin, zan zarga.