Harafin C da yaranmu masu koyon Turanci

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Jiya da yamma 'yata 'yar aji biyu ta ɗora yatsa a kan kalmar "cup", ta furta ta kamar yadda muke faɗin "cuta". Ba laifinta ba ne. A Hausar boko c sauti ɗaya gare shi, na kalmomin "ciki" da "cokali", amma a Turanci fuska biyu gare shi.

Ga dabarar da na koya mata: ta duba harafin da ke biye da shi. In e, i ko y ne, sai ta karanta shi "s", kamar city da cycle. In ba su ba ne, "k" ne, kamar cat da class. Sautin c namu kuwa, Bature "ch" yake rubuta shi, kamar chair, ko da yake a school da chemist ya koma "k". Waɗannan sai dai a haddace.

Ku yanka kwali, ku rubuta kalmomi goma, yaro ya ware su gida biyu a kan tabarma. Don Allah kada a yi masa tsawa in ya kuskure, tsoro ke rufe bakin yaro.