Yadda za ka koyar da waƙa a aji kuma ka ba da maki bisa gaskiya

Ƴan uwana malaman lakwal, mushe da madan, maganar darasin waƙa nika so mu yi, don a jadawali yana nan amma da an ji lokaci ya ƙure shi aka fara yankewa a ba lissafi, sai kompozisiyon ta matso a tada yaro ya rera baiti guda a ba shi 7 ko 4 bisa daɗin muryarshi. Wannan ba awo ba ne, muryar Allah ya ba shi, ba kai ka koya mishi ba. Abin da ka koyar shi za ka auna.

Fara da tafi. Kada ka fara da rubutu a tabulo. Ka tada su tsaye, su saki kafaɗu, su ja numfashi ta hanci su sake a hankali kamar sau ukku, sannan ka tafa wani ɗan salo gajere su maida maka, ka canza su maida, ka sa layin dama su riƙe bugu guda ba canji layin hagu su yi na bisa. Minti 5 ya isa. Nan take za ka gane wa ke gudu wa ke jan ƙafa, kuma ko aji ya kai yara 80 kowa na da hannu, ba ka sayi komi ba.

Waƙar kanta kuma a yi ta yadda muka gada, mai bayarwa da ƴan amshi. Amshin za su fara kamawa, shi ne gajere kuma shi ka dawowa, in ya zauna sai ka riƙa ƙara ɗango ɗaya ɗaya, kai ka rera su saurara da baki rufe, sannan su maimaita. Sai kunne ya ɗauka za ka rubuta kalmomin su kwafe a kaye. Ga ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, ma ba sai an rubuta ba. Abu guda da maza ya kamata mu kiyaye, muryarmu ƙasa take, in ka ɗauko waƙa daga inda ya yi maka daɗi yaran za su yi ta gurnani su kasa, to ka bari wata yarinya mai tsayayyar murya ta ɗauko, kai ka bi.

Ina za a samu waƙoƙin? Suna cikin filin lakwal lokacin rekireyasiyon. Ka tsaya nesa kaɗan ka saurari ƴan mata suna gaɗa, dubi yadda suka yin da'ira, guda ta faɗo da baya a cafe ta a maida, tafin bai kuskure ko sau guda, kuma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Ka ce kowace ta tambayo kakarta waƙar daka ko ta niƙa ko ta reno guda, maza su kawo na tashe, kai ka tace, wadda ke da habaici mai nauyi ko batsa ka aje ta gefe. Taken ƙasar Nijar shi ma darasi ne, tun Yuni 2023 aka canza shi, aka bar wanda aka rera tun 1961, kuma har yanzu akwai lakwal ɗin da ƙarshen baitocin sai haɗiye kalmomi ake wajen hawan tuta. Ka ware mishi sati biyu ka fassara musu ma'anar da Hausa, yaro in ya san abin da yake faɗi bakinshi ya fi buɗewa.

Kayan kiɗa ba sai an jira kuɗi ba. Gwangwanin tumatir da tsakuwa ciki ya zama caki, bido na lita 25 ya zama ganga, ƙwarya a kifa cikin roba mai ruwa a buga da ɗan kara. In ajinka rumfar zana ce ka daidaita lokaci da maƙwabcinka ko ku fita ƙarƙashin bedi, don kada a hana wani karatu. Sau guda a shekara, da izinin direkte, ka gayyato mai kalangu ko mai gurumi na unguwa, Maradi da Tibiri ba a rasa makaɗa, ya nuna musu yadda matse tsarkiya a hammata ke ɗaga muryar kalangu har ya kira sunan yaro, wallahi ranar ba mai yin barci. Ka ba su labarin marigayi Malam Maman Barka, malamin lakwal ne kamarmu kafin gurumi da biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya na Buduma, su kai shi duniya, ya rasu a 2018, kuma su san a Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya.

Wasu iyaye nan garin ba su son jin an ce kiɗa, kuma ban ga laifin a saurare su ba. Ka kai maganar gaban komitin iyaye tun watan Oktoba, ka nuna musu kalmomin waƙoƙin a rubuce, na tsabta ne, na girmama iyaye, na ƙidaya. Yaron da gidansu ba a yarda ya buga ba sai ya tsaya ga amshi, kada ka rage mishi maki.

To batun maki. Ni ga yadda nika raba 10 ɗin: 3 na riƙe bugu daga farko har ƙarshe, 3 na kalmomi a fito da su sarai ba a haɗiye ba, 2 na shiga amshi daidai lokacinshi, 2 na bin karin waƙar. Ka faɗa musu wannan rabon tun kafin ranar, ka rubuta shi a gefen tabulo. Kada ka tada yaro shi kaɗai gaban aji, mai kunya zai daskare ne ka ba shi sifiri alhali ya iya. Kira su biyar biyar, su rera tare sau biyu, kai kana zagayawa bayansu kana kai kunne kusa da kowa, da jerin sunaye a hannu. Rukuni ukku a kowane darasi, cikin wata guda da ɗan kai ka gama aji babba ba tare da ka cinye yini ba. In kana da waya ka ɗauki murya ka sake saurare da dare, sau da dama wanda ya fi ƙara ba shi ya fi daidai ba.

Samarin CM2, wato aji shida, da muryarsu ta fara fashewa a sassauta musu kan maki 2 na kari, a ba su bido su riƙe bugu. Akwai kuma awon kunne wanda ba ya buƙatar rerawa ko kaɗan, su duƙar da kai bisa tabur, ka kunna goge da algaita da kalangu a waya, kowa ya rubuta abin da ya ji na farko da na biyu da na ukku. A gaban makin cikin kaye ka ƙara kalma biyu, misali bugu ya zauna saura fitar da harafi, don wata mai zuwa kai da yaron ku san inda za ku kama.