Yadda za ka tantance SSD da HDD kafin ka damƙa musu ajiyarka a zafin Saudiyya

Da yawa daga ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da 'yan'uwa masu aiki a Makka da Jidda kwamfutar gwanjo suke saya, wasu ta Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, wasu a shagunan titin Khalid bin Walid. Sai a tsaya duba allo da batir, a manta da ma'ajiyar bayanai, wato SSD ko HDD, da za ta riƙe kundin digiri da hotunan iyali. Wannan sakacin yana damuna, don komai na kwamfuta ana sake saye, ban da abin da ke cikinta.

Fara da sanin abin da ke kashe kowacce. A cikin HDD akwai faifai mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allura na shawagi dab da shi. Kwamfuta ta faɗi tana kunne, allurar ta karce faifan, shi ke nan. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta, faɗuwa ba ta cika yi mata illa ba, amma kowane rubutu yana cin ta kaɗan. Kamfanoni kan rubuta iyakar da sunan TBW, wato jimillar terabait ɗin da za a iya rubuta mata. Samsung 870 EVO mai terabait 1, alal misali, an ba ta terabait 600. Ko da kana rubuta gigabait 50 kullum, sai ka haura shekara 30 kafin ka kai nan, don haka kada wannan ya hana ka barci. Abin tsoron shi ne SSD kan mutu farat ɗaya ba sallama, kuma ciro bayanai daga cikinta yana da wuya da tsada. HDD takan yi ƙas-ƙas ko ta fara nauyi tukuna.

Sannan ka sa manhajar CrystalDiskInfo a filas, kyauta ce, ka buɗe ta a gaban mai sayarwa. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa riƙe riyal ɗinka. Duba awannin da ma'ajiyar ta yi a kunne. In HDD ce, leƙa layin 05 da na C5. Su ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa, kuma in adadin ba sifili ba ne, ni dai ba zan saya ba. In SSD ce, duba kason lafiyar da ya rage da jimillar abin da aka rubuta mata. Wanda ya hana ka dubawa, ka yi gaba.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar mu a nan. Da bazara Makka kan haura digiri 45, cikin motar da aka kulle kuwa ya fi haka nesa. Kada ka bar jakar kwamfuta a mota ka shiga Harami. SSD da cajin lantarki take riƙe bayanai, zafi kuma yana saurin zurarar da shi idan ba a kunna ta. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan na'urori, ta ce SSD da ta cinye iyakar rubutunta ta riƙe bayanai shekara 1 a digiri 30 tana kashe. Sabuwa ta fi haka juriya, amma ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyi aka tafi Kano ko Damagaram dogon hutu ba digiri 30 yake zama ba.

Daga nan raba musu aiki. Windows da aikin yau da kullum su hau SSD. Karatuttukan malamai da bidiyon Hajji da za su daɗe a ajiye su tafi HDD ta waje, ka naɗe ta cikin tufafi a jakar hannu ranar tafiya, kada ta bi kayan awo. Kamfanin Backblaze na Amurka da ke ajiye wa mutane bayanai ta intanet, mai fitar da alƙaluman ma'ajiyoyinsa tun 2013, yakan ga kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na HDD ɗinsa sun mutu duk shekara, alhali a ɗakuna masu sanyi suke. Don haka kundinka da hoton iƙama da fasfo su zauna wuri uku: kwamfuta, HDD ta waje, da Google Drive.