Yadda za ka yi amfani da "steadfastly" ba tare da ka ba gero zuciya ba

Shekaranjiya wani ɗalibina na ajin jarabawa ya miƙo mini takarda, ya rubuta da Ingilishi: "The price of millet is rising steadfastly." Nufinsa kuɗin gero sai hawa yake yi a babbar kasuwar Maradi. Na ce, "Kai yaro, yaushe tiyar gero ta yi zuciya?" Ya ce, "Mushe, ai ƙamus ne ya ba ni fermement." Ƙamus bai yi ƙarya ba da ya fassara "steadfastly" da wannan kalmar Faransanci, amma rabin zancen ya faɗa.

Fara da furuci: sted-fast-li, ba stid ba. Wasalin farko irin na "bread" ne. Mu da muka tashi da Faransanci mun saba danna ƙarshen kalma, amma a nan gaɓar farko ake dannawa.

Sai ka fasa ta kamar gyaɗa. "Stead" tsohuwar kalma ce mai nufin wuri, ita ce a cikin "instead". "Fast" kuwa a nan ba sauri ba ne, kafewa ce, irin ta "fasten". Wutsiyar "-ly" aikin "-ment" na Faransanci take yi. Jimla dai, mutum ya kafe a wurinsa kamar turke.

Kafin ka rubuta ta, yi wa kanka tambaya biyu. Mai aikin yana da zuciya da niyya? Akwai masu matsa masa ya bari? Ga kawuna na Tibiri. Masu sayen filaye sun yi ta sintiri a kan gonarsa ta bakin gulbi, yau a ƙara masa kuɗi, gobe a turo masa abokinsa na ƙuruciya. Duk zuwa sai ya ba su tabarma da fura, ya raka su har ƙofa, gona na nan. Wannan shi ne "he steadfastly refused to sell". Ya ƙi ƙememe, kuma ba ƙin rana ɗaya ba. In yabo ne, ka ce ya tsaya tsayin daka.

Gurbinta galibi gaban aikatau ne, kuma ta fi jituwa da "refuse", "deny" da "support".

Kuɗin gero da ke hawa sannu a hankali, "steadily" ke nan. Ɗaure akuya tamau, "firmly" ko "tightly". Ita kuwa "steadfastly" kalma ce ta jarida da wasiƙa. In ka je Jibiya ciniki, bar ta gida, Hausarka ma ta ishe ka.

Washegari yaron ya dawo da sabuwar jimla: mahaifiyarsa ta ƙi buɗe rumbunta sai damina ta kama, duk da magiyar dillalai. "Steadfastly" ta zauna daram. Na ba shi 16 bisa 20, don ya manta harafin d na ƙarshen "refused".