Yadda na gyara ruwan kibiyata da ya ƙi yin kaifi

Kwana uku ina wasa ruwan kibiyata mai baki biyu, amma ko gashin hannu bai aske ba. Na zargi ƙarfen, na sauya dutsen washi, duk a banza. Da na shafa tawada a bakin na ja magagari sau ɗaya, sai na ga tawadar tana nan a bakin, ashe kafaɗar ƙarfen, wato wurin da ke bayan bakin, nake ta ci. Na ɗaga kusurwar da ke tsakanin magagarin da ƙarfen zuwa kimanin digiri 25, na riƙa tura magagarin a gefe ɗaya har siririn zaren ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, sannan na juya. Na ƙarasa da ja goma-goma marasa nauyi a dutse mai laushi, na goge a fata. Alhamdulillahi, yanzu yana aski.