Yadda ake auna dalilan da ke sa iyaye a Turkiyya tuna baya tare da ƙananan yara

A ce wata uwa a Ankara ta dubi ɗanta mai shekara huɗu ta ce, "Ka tuna ranar Sallah da muka je gidan kaka, ka sumbaci hannunta ka ɗora a goshi, ta ba ka alewa?" Wata kuma a Gaziantep ta ce wa nata, "Jiya da ka ture ƙanwarka, me ya biyo baya?" Dukansu abin da ya wuce suke tasowa, amma ta farko zumunci take ƙullawa, ta biyu tarbiyya take yi. Mai bincike da ke son gano wanne dalili ne ya fi yawa, kuma a wane irin gida, ga hanyar da zai bi.

Mataki na farko shi ne sanin abin da kake nema. Masana halayyar ɗan Adam irin su Susan Bluck da Nicole Alea sun kasa amfanin tuna baya gida uku: ƙarfafa dangantaka da mutane, sanin kai, da ɗaukar darasi don gobe. A hira da yaro akan ƙara da kwantar masa da hankali in ya tsorata ko ya yi fushi, da buɗe masa baki da kaifafa ƙwaƙwalwa. Ka rubuta waɗannan a gabanka kafin ka tsara ko tambaya ɗaya.

Na biyu, ka nemo ma'aunin da aka riga aka gwada. A 2009 Sarah Kulkofsky da Jessie Bee Kim Koh sun wallafa takardar tambayoyi da ake ba masu renon ƙananan yara, suna nuna yawan lokutan da suke tuna baya da yaro saboda wani dalili. Ka nemi izinin masu ita. Amma a Amurka aka tsara takardar, kuma nan ne aikin yake.

Mataki na uku ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Kafin fassara, ka zauna da iyaye kamar ashirin ka tambaye su kai tsaye, "Me ya sa kike tuna wa yaronki abin da ya faru?" Ka bar su su yi magana. Marigayiya Çiğdem Kağıtçıbaşı ta Jami'ar Koç, wadda ta rasu a 2017, ta nuna cewa iyalai da yawa a biranen Turkiyya suna son yaro ya tsaya da ƙafarsa, kuma a lokaci guda ya kasance manne da danginsa. Takardar da aka gina a kan iyayen Amurka na iya rasa gurbin dalilai kamar girmama manya, ko sanar da yaro ƙauyen da kakanninsa suka baro, ko koyar da addini. In iyaye sun yi ta ambatar dalilin da babu shi a takarda, ka ƙara masa tambaya. A ganina wanda ya tsallake wannan zama ba Turkawa ya auna ba, ya dai duba ko sun yi kama da Amurkawa.

Daga nan sai fassara. Mutum biyu su mayar da takardar Turkanci kowa daban, a daidaita, sannan wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci a kwatanta. Richard Brislin ne ya shahara da wannan tsari tun 1970. A kula da nahawu: Turkanci na da ɗafi guda ga abin da mutum ya gani da idonsa, da wani ɗafin ga abin da aka ba shi labari. In tambayarka kan abin da uwa da ɗa suka halarta tare ce, fassarar ta nuna haka, kada ta haɗu da tatsuniya ko tarihin dangi. Ka gwada ta a kan iyaye kaɗan, su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu.

Na huɗu, wa za ka tambaya? Turkiyya na da larduna 81, kuma gidan ma'aikaciyar banki a Izmir ba ɗaya yake da gidan manomi a Van ba. Başak Şahin-Acar da Michelle Leichtman sun wallafa bincike a 2015 da ya kwatanta hirar uwa da ɗa a gabashin Turkiyya da yammacinta da kuma Amurka, saboda ƙasar ba a dunƙule take ba. Ka haɗa birni da ƙauye, masu digiri da waɗanda suka tsaya a firamare. A kudu maso gabas akwai gidajen da Kurdanci ko Larabci ake yi wa yaro. Ka sa iyaye maza da kakannin da ke reno, don galibin binciken wannan fanni uwaye kawai ya ji. In ka tura takardar ta intanet kawai, masu ilimi na birni ne za su cika maka ita. Ƙa'idar da aka saba ita ce mutum 5 zuwa 10 ga kowace tambaya, wato tambayoyi 40 na son iyaye 200 zuwa 400.

Na biyar, lissafi. Amsa ta kasance daga 1 zuwa 7, daga "da wuya" zuwa "kusan kullum". Kwamfuta za ta nuna maka tambayoyin da amsoshinsu ke tafiya tare. In rukunan da suka fito sun bambanta da na Amurka, ka rubuta su yadda suka fito. Ka duba ma'aunin alfa na Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda tambayoyin rukuni ɗaya suka dace da juna, ga kowane rukuni, ana son ya kai 0.70. Bayan mako biyu zuwa huɗu ka sake ba wasu daga cikinsu takardar, ka ga ko amsar ta tsaya.

Na shida, kada ka dogara da takarda kaɗai. Kowace uwa na son a ce tana jan ɗanta a jiki, ba mai son rubuta cewa faɗa ne yawancin hirarsu. Ka roƙi wasu iyalai su zaɓi abu biyu da suka faru kwanan nan, na daɗi da na ɓacin rai, su yi hira kamar yadda suka saba, ka naɗi murya. Robyn Fivush da Elaine Reese da Catherine Haden sun bambance salo biyu: uwa mai faɗaɗawa, wadda ke cewa "su wa muka tarar a can, me ka ji a ranka?" tana ƙara bayani, da mai maimaita tambaya ɗaya har yaro ya ba da amsar da take so. Ka ƙirga waɗannan, ka ɗora su kusa da abin da ta rubuta.

Duk wannan sai da amincewar kwamitin ɗa'a na jami'a da sa hannun iyaye, kuma muryoyin yara na ƙarƙashin dokar kare bayanan mutum mai lamba 6698 ta 2016. In aikin ya kai ka Hatay ko Kahramanmaraş, inda girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe dubban mutane, ka bar iyaye su zaɓi abin da za a tuna, ka tanadi ƙwararren da za a tura su wurinsa, kuma da zarar yaro ya nuna damuwa a kashe rikoda.